Janaretan Waje da Taransifoma: Abin Dubawa Kafin a Saya

Tun zamanin dumsor, masu injin niƙa, masu walda da kwamitocin masallatai a zangunanmu suna sayen manyan janaretoci na hannu da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema. Da yawansu ba don wutar Gana aka ƙera su ba.

Wutar ECG da NEDCo mai layi uku, wadda masu gyaran wuta ke kira tiri-fes, bolt 400 ce tsakanin layi da layi, 230 kuma tsakanin layi da nutural. Tsofaffin kaya sukan nuna 415 da 240. Saurin bugunta 50 Hz ne. Janaretan Amurka kuwa galibi 480 ne, na Kanada 600, dukansu a 60 Hz.

Taransifoma yana rage bolt, amma ba ya canza Hz. Idan aka rage 480 zuwa 400 aka bar bugun a 60, motar injin niƙa ko ta famfon ruwa za ta ƙara gudu da kashi ɗaya cikin biyar, tana iya yin zafi har ta ƙone.

Saboda haka daga inji ake farawa. Yawancin manyan janaretoci suna ba da 60 Hz a juyi 1,800 a minti, 50 Hz kuma a juyi 1,500. Idan makaniki ya sauke gudun, aka saita AVR, wato na'urar da ke daidaita bolt, mai 480 zai koma 400 daidai, babu buƙatar taransifoma. Sai dai ƙarfinsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida: mai kVA 60 zai koma wajen 50.

Mai 600 kuwa 500 zai koma. A nan ne ake sa taransifoma ya sauke shi zuwa 400. A lura da abu uku:

1. Kada kVA ɗinsa ya gaza na kayan da zai ɗauka, a kuma bar rara, domin mota tana jan wuta ninki da yawa lokacin tashi.
2. Ɓangaren fita ya kasance mai nutural, a haɗa shi da ƙasa, in ba haka ba babu 230 na fitila da fanka.
3. A duba an rubuta 50 Hz a jikinsa. Wanda aka ƙera don 60 yana zafi idan aka ba shi cikakken bolt ɗinsa a 50.

Dole a sa makunnin da ke raba janareta da layin kamfani, kada wuta ta koma kan ma'aikacin da ke saman falwaya. Dokar haɗa wayoyi ta 2011 ta ce mai takardar Energy Commission ne kawai zai yi wannan aiki.

Iyayenmu da 'yan'uwa, kafin ku biya, ku ɗauki hoton farantin ƙarfen da ke jikin janaretan, inda aka rubuta bolt, Hz da kVA, ku nuna wa mai gyaran wuta. Allah ya kiyaye mu da asara.