Daga Kurayyat zuwa intanet: Yadda ake tsara darussan rubutu da zayyana a bidiyo

Kurayyat ɗaya ce daga cikin tsofaffin unguwannin kudancin Jidda, a yanki ɗaya da Gulail da Karantina da Sabil, inda Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe da zama. Wasunsu jikokin alhazai ne da suka taho ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, sannan suka tsallaka Bahar Maliya.

Daga ƙarshen shekarar 2021 hukumomin Saudiyya suka shiga rushe unguwannin da suka ce an gina ba bisa tsari ba, kuma Kurayyat na cikin jerin. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aikin ya shafi unguwanni fiye da 60.

Rusau irin wannan kan raba mai sana'ar hannu da jarinsa mafi girma, wato maƙwabta. Malamin rubutu, da mai zayyanar allo, da mai zanen lalle, duk da mutanen unguwa suke cin abinci. Idan unguwa ta watse, ɗalibai ma sun watse. Hanya ɗaya da ta rage wa irin waɗannan masu fasaha ita ce mayar da darasi bidiyo, a sayar wa ɗalibi ko a ina yake. Sai dai aikin yana da ƙa'idoji, kuma yawancinsu ana cika su ne tun kafin a kunna kyamara.

Me ya sa kasuwar ta buɗe?

Saudiyya ta kafa Ma'aikatar Al'adu mai zaman kanta a 2018. Ma'aikatar ta ayyana 2020 a matsayin shekarar rubutun Larabci, daga baya ta tsawaita ta zuwa 2021. A lokacin kullen korona ne ta ɗauki nauyin dandalin Al-Khattat, inda ake koyon rubutu da ƙawa ta intanet. A watan Disamban 2021 hukumar UNESCO ta sanya fasahar rubutun Larabci cikin kayan gadon ɗan'adam, bayan buƙatar da ƙasashe 16 suka gabatar a ƙarƙashin jagorancin Saudiyya. Lalle ya samu irin wannan matsayi a Disamban 2024.

A Jidda kanta, cibiyar Jameel ta fasahohin gargajiya ta fara koyarwa a tsohon gari, Al-Balad, a 2015, sannan a 2023 aka fara babban baje-kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz.

Masu koyar da salon gabas, irin su nasakhi da ruƙ'a da sulusi, suna da yawa. Abin da Bahaushe yake da shi wanda ba kowa ke da shi ba shi ne rubutun tsangaya: baƙi mai kauri na ruwayar Warash, fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, wasali da jar tawada, hamza da rawaya, ga zayyanar da ake yi wa allon sauka. Wannan salo ne marigayi Sharif Bala Gabari ya shahara da shi a Kano, kuma a kansa ne cibiyar SIL ta ƙera salon rubutun kwamfuta mai suna Alkalami. Mai wannan hannu, idan ya iya Hausa da Larabci, yana iya koyar da ɗan Kano da ɗan Makka a kwas ɗaya.

Tsari kafin ɗauka

Matakin farko shi ne malami ya amsa tambaya ɗaya a rubuce: me ɗalibi zai iya yi da hannunsa ranar da ya gama? Amsar da ta ce zai koyi zayyana ta yi faɗi. Amsar da ta ce zai iya rubuta Fatiha a allo ya kewaye ta da zayyana mai launi uku ita ce za a iya rarrabawa zuwa darussa, a kuma yanka mata farashi.

Daga nan sai a jera darussa daga sauƙi zuwa wuya. Tsangaya ta riga ta shimfiɗa wannan tsari: babbaƙu, sannan farfaru, sannan haɗa kalma. Sunayen da almajirai suka san haruffa da su, irin su lam ara da mim jaye da ta kuri, suna bayyana siffar harafin ko wurinsa a kalma, don haka suna da amfani a bakin mai koyarwa. Darasin farko kuwa ya kamata ya tsaya a kan kayan aiki: fiƙe alƙalami, dama tawada da ƙaro, da zaɓen takardar da ba ta shan ruwa. Ɗalibin da alƙalaminsa bai fiƙu ba zai ɗora laifin a kan hannunsa, ya daina.

Mai koyar da salon gabas yana da ma'aunin da ake dangantawa da Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, wanda ke auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami. Tsawon alif a ruƙ'a ɗigo uku ne, a sulusi kuma bakwai. Wannan ma'auni ya dace da karatun nesa, domin ɗalibi zai iya auna aikinsa da kansa kafin ya tura wa malami.

Tsawon bidiyo ma abin lura ne. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, bayan nazarin kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin edX, ya nuna cewa hankalin ɗalibai kan fara janyewa bayan kimanin minti shida. Saboda haka gara a ware wa kowane rukunin haruffa gajeren bidiyonsa, kowanne ya ƙare da aikin gida guda ɗaya.

Kafin ranar ɗauka, malami kan rubuta abin da zai faɗa a taƙaice, ya kuma tanadi samfurin aikin a matakai uku: farkonsa, tsakiyarsa, da gamammensa. Hakan na hana zaman jiran tawada ta bushe a gaban kyamara.

Inda ake ajiye kyamara

A darasin fasaha, hannu ne ake kallo. Wayar zamani mai ɗaukar hoto a ma'aunin 1080 ta wadatar, muddin an kafe ta a kan maƙali ba ta motsi.

Rubutun Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, don haka hannun mai rubutu da dama yakan rufe abin da ya riga ya rubuta. Idan aka ɗora kyamara daidai saman kansa, bayan hannu za a fi gani. Mafita ita ce a karkatar da ita zuwa hagu kaɗan, yadda bakin alƙalami da kusurwar da yake taɓa takarda za su fito. Haske ma daga hagu ya kamata ya zo, inuwar hannu ta faɗi a dama. Ga bahago sai a juya tsarin.

Farar takarda kan ruɗi waya, ta riƙa rage haske tana ƙarawa duk lokacin da hannu ya shigo. Ana magance wannan da kulle haske da saitin gani kafin a fara. Takarda mai sheƙi, wadda marubutan gabas suka fi so, tana mayar da hasken fitila, sai a tace hasken da farin ƙyalle.

Akwai kuma batun lantarki. Wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar sau 50. Domin kauce wa ƙyaftawar fitila a bidiyo, mai ɗauka a Jidda zai zaɓi hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, na Kano ko Maraɗi kuma 25 ko 50 idan wayarsa ta ba da dama. Lanƙwasa mai wuya, kamar cikin nun ko wutsiyar ya, ana ɗaukarta da hoto mai yawa a daƙiƙa domin a nuna ta a hankali.

Sauti ya fi hoto saurin korar mai kallo. A Jidda ba a rabuwa da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ƙararta na shiga kowace ɗauka. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga yana rage matsalar. Wasu kan ɗauki hannu shi kaɗai, su ɗora murya daga baya, abin da ke ba da damar fitar da darasi ɗaya da Hausa da kuma Larabci. Cikakken darasi a kwance ake ɗaukarsa, gajeren talla na TikTok ko Instagram kuma a tsaye.

Gyara shi ne hajar

A al'adar rubutu, ko a zauren Kano ko a Istanbul, ɗalibi yakan kawo abin da ya rubuta, malami ya bi shi harafi bayan harafi yana gyarawa, galibi da jar tawada. Ijaza, wato izinin da malami ke bai wa ɗalibi ya sa hannu a aikinsa, bayan shekaru na irin wannan gyara take zuwa.

Bidiyo shi kaɗai ba ya yin wannan aiki, kuma ba ya tsaruwa. Duk darasin da ya shiga waya ɗaya, gobe yana iya bazuwa a zaurukan WhatsApp kyauta. Sanya suna a kusurwar hoto yana taimakawa, amma ba ya hana sata. Abin da ba a iya kwafa shi ne idon malami a kan aikin wani ɗalibi takamaimai. Shi ya sa tsarin da ya fi ɗorewa yake haɗa abu uku: bidiyon da aka riga aka ɗauka, ranar tura aikin gida, da amsar malami a hoto ko gajeren saƙon murya.

Wannan ne kuma ke ƙayyade yawan ɗalibai. Idan gyaran aikin mutum ɗaya yana cin minti goma, ɗalibai 30 za su ci awa biyar a kowane zagaye. Malamin da ya karɓi kuɗin mutum 200 ba tare da wannan lissafi ba, ya sayar da alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Idan za a yi zama kai-tsaye, a tuna cewa agogon Jidda yana gaba da na Kano da Yamai da awa biyu.

Dandali da kuɗi

YouTube ya dace da darussan farko na kyauta, masu jawo ɗalibai. Samun cikakken kason kuɗin talla a can yana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, abin da kan ɗauki lokaci. Udemy na buƙatar aƙalla minti 30 na bidiyo da darussa biyar, kuma yana bai wa malami kashi 97 cikin 100 idan shi ya kawo ɗalibin, amma kashi 37 kacal idan dandalin ne ya kawo shi. Telegram na karɓar fayil har gigabait biyu, yayin da WhatsApp kan matse bidiyo har siririn layi ya dusashe, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. A Najeriya, dandalin Selar yana bai wa masu kwas damar karɓar kuɗi da naira.

Farashi ma sai an duba shi ta fuska biyu. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan kowace dala ɗaya, tun 1986, ita kuwa naira ta yi mummunar faɗuwa bayan da aka sake ta a watan Yunin 2023. Kuɗin da ɗalibi a Riyad zai ɗauka ƙalilan ne, yana iya gagarar ɗalibi a Zariya. Hanyar da ta fi adalci ita ce farashi hawa biyu, tare da fitar da ƙaramin fayil ga mai tsimin data.

Abin da doka ta ce

A nan ne mazaunin Saudiyya ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin hukuncin ɗan ƙasa daban yake da na baƙo.

Ɗan ƙasa, ciki har da Hausawan da suke da shaidar zama 'yan Saudiyya, yana iya karɓar takardar sana'ar kai daga Ma'aikatar Ƙwadago ta intanet, ya yi rajistar shagonsa. Mai iƙama kuwa dokar ƙwadago ba ta ba shi damar yin aikin ƙashin kansa a wajen wanda ya ɗauke shi ba. Fakewa da sunan ɗan ƙasa domin gudanar da kasuwanci, abin da ake kira tasattur, laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Ga wanda takardunsa ba su cika ba, haɗarin ya fi haka yawa, domin sana'ar intanet tana barin sawu a asusun banki da lambar waya.

Cibiyar kula da karatun intanet ta ƙasar ita ke ba da lasisi ga masu shirya horo ta wannan hanya. Tun 2022 kuma, mai tallata kayan wasu a shafukan sada zumunta sai ya mallaki lasisin Mawthooq, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku. Wannan ya shafi malamin da shagon tawada ko takarda zai biya domin ya ambaci kayansa.

Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Mai koyar da zanen lalle, wadda dole ta nuna hannun wata, tana buƙatar izininta a fili kafin ɗauka, kuma ya fi kyau hoton ya tsaya a wuyan hannu. Mai rubuta ayoyi kuma sai ya kula kada a yanke bidiyo a tsakiyar aya, ko a ɗora masa kiɗa lokacin tacewa.

Ga baƙon da doka ta ɗaure wa hannu, koyarwa a ƙarƙashin cibiya mai lasisi, bisa yarjejeniyar aiki da hukuma ta amince da ita, ita ce hanyar da ba ta jefa shi cikin matsala. Ilimin tsara darasi da ɗaukarsa kuwa yana bin mai shi duk inda ya koma, ko wata unguwa a Jidda ko gida Kano. Kayan aikin ba su wuce waya da maƙali da fitila da makirfo ba, sai jadawalin darussa da aka rubuta da kyau, da lokacin da malami ya ware domin duba aikin kowane ɗalibi.