Masu Kallon da Ba a Ƙirga Ba: Finafinan Ban Tsoro da na Ƙagen Kimiyya a Gabashin Sakkwato

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato, ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Rabah da Goronyo na cikin waɗanda abin ya shafa. Daga ranar, YouTube da Audiomack da Boomplay suka daina aiki a wayoyin yankin. Fim ɗin da ke cikin katin memori kuwa babu ruwansa da sabis, haka ma waƙar da aboki ya tura wa aboki ta Xender. Wannan ya fito da abin da masu nazarin nishaɗin zamani suka daɗe suna tsallakewa. Yawancin kallo da sauraro a garuruwa irin su Rabah da Wurno da Gandi ba ta intanet kai-tsaye yake zuwa ba. Yana biyowa ne ta shagon mai cajin waya, wanda ke da sola ko ƙaramin janareta da kwamfuta cike da finafinai, yana turawa a kan kuɗi kaɗan.

Wannan hanya tana da tasiri a kan irin fim ɗin da ake yi da Hausa. Mai kallon da ya karɓi fim a shago ba ya shiga lissafin kowace manhaja, kuɗinsa kuma ba ya isa hannun wanda ya shirya fim ɗin. Tunda ba a ƙirga shi, abin da yake so ba ya zuwa kunnen furodusa. Finafinan ban tsoro da na ƙagen kimiyya su ne suka fi cutuwa da wannan giɓi.

Babu shakka a kan cewa ana son su. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda finafinan Indiya suka zauna daram a sinimomin Arewa shekaru da dama, kuma ba soyayya da rawa kaɗai suka kawo ba. Nagin na 1976 labarin macijiya ce mai rikiɗa mutum tana ɗaukar fansa. Koi... Mil Gaya na 2003 ya kawo baƙon halitta daga wata duniya, Enthiran na 2010 kuma ya kawo mutum-mutumin da ya fi ƙarfin wanda ya ƙera shi. Da kamfanonin fassara irin su Algaita suka fara ɗora muryoyin Hausa a kan finafinan waje, sai shingen harshe ya faɗi gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa shiga sinima ba, bai kuma jin Turanci ko Indiyanci, yanzu yana bin labarin jirgin sararin samaniya da gidan fatalwa daga farko har ƙarshe da harshen da aka yi masa tatsuniya.

Wasu na ɗaukar wannan sha'awa a matsayin baƙon abu da waya ta shigo da shi. Tarihin adabin Hausa bai goyi bayansu ba. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka yawo cikin sararin samaniya. Kafin shi, tun 1934, Gandoki na Muhammadu Bello Kagara ya kai jaruminsa ƙasar aljannu. Dodo na tatsuniya ya girme su duka, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san labarin maye mai kama kurwa, da kura mai rikiɗa, da tsamiyar da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana.

A gabashin Sakkwato abin ya fi haka zurfi. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Malaman wannan zamani sun san amfanin tsoro wajen karantarwa. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, irin su Baƙin Mari, da waɗanda Nana Asma'u ta tsara a kan alamomin tashin ƙiyama, suna siffanta kabari da siraɗi da wuta dalla-dalla, da nufin jikin mai sauraro ya yi sanyi ya gyara halinsa. 'Yan Taru, matan da Asma'u ta tsara ƙarƙashin jagorancin jajoji, da ka suke ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi zuwa ƙauyuka. A ɗaya ɓangaren kuma ga Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi, wanda waƙarsa ta ɗan dambe Shago ta mayar da filin dambe wurin da mutuwa ke tsaye tana jira. Wanda ya saurare ta da dare a rediyo ya san cewa makaɗin nan ya iya tayar da tsikar jiki da kalangu da murya kawai. Ko ta fuskar sama ma, manomin fadamar Rima da ke lissafin damina da taurari yana da nasa ilimin falakin da marubuci zai iya gina labari a kai.

To me ya hana Kannywood shiga wannan fage sosai, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau? Amsar da aka fi bayarwa ita ce rashin kuɗi, kuma tana da rauni. Fim ɗin ban tsoro na daga cikin mafi arha a duniya, domin duhu da shiru da ƙarar ƙofa ba su da tsada. Paranormal Activity na 2007 an ɗauke shi a gida ɗaya da kusan dala 15,000, ya kuma kawo miliyoyi. A Legas, C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014 da ɗan abin da ke hannunsa, ya ci kyautar fim mafi kyau na Najeriya a bikin AFRIFF na shekarar. A nan Arewa ma, matasan Kaduna da ke kiran kansu The Critics sun yi gajerun finafinan ƙagen kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suka koyi dabarun kwamfuta a intanet. Duniya ta san da su a 2019, har daraktan nan na Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Abin lura shi ne finafinansu da Turanci suke, don can ne ake ganin mai kallo a lissafi.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, wato addini da tace finafinai. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta kafu a 2001, bayan dawo da shari'a, kuma tun daga lokacin mai shirya fim yana taka-tsantsan da duk abin da ya shafi tsafi da bori da gaibu. Yadda aka soke shirin gina dandalin finafinai a Kofa a 2016, bayan malamai sun yi ca a kansa, ya ƙara koya wa masana'antar jin tsoron abin da zai jawo huɗuba. Matthias Krings ya yi nazarin finafinan farkon shekarun 2000 da ke nuna arna da matsafa masu shan jini suna faɗuwa a gaban Musulunci. Irin wannan tsari ya zama hanyar tsira: a nuna boka da ƙwarya da jan ƙyalle, sannan malami ya zo da addu'a komai ya warware. Ta fuskar aƙida babu laifi a nan. Matsalar ta fasaha ce, domin mai kallo ya san ƙarshen tun daga minti na farko, kuma wanda ya san ƙarshe ba ya jin tsoro.

Sai dai ɗora laifin duka a kan addini kuskure ne. Musulmi ya yi imani da samuwar aljannu da sihiri da kambun baka, saboda haka mai kallo Bahaushe ya fi Bature shirin ɗaukar irin wannan labari da gaske. Indonesiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, tana da babbar kasuwar finafinan ban tsoro, kuma Pengabdi Setan na Joko Anwar a 2017 ya nuna ana iya sanya malami da salla da makabarta a fim, tsoron kuma ya tsaya da ƙafarsa. Iyakar da addini ya shata a fili take: kada a ɗaukaka shirka, kada a yi da'awar sanin gaibu. Tsakanin wannan iyaka da abin da ake yi yanzu akwai fili mai faɗi da ba a nome ba. Ƙagen kimiyya ma haka. Labarin da ya ce a ƙaddara shekara 50 nan gaba ruwa ya ƙare, misali ne ake bugawa don a yi tunani, kuma buga misali hanya ce da malamai suka gada.

Amsa ta uku, wadda wannan maƙala ta fi ba ƙarfi, ita ce kasuwa. Bayan satar fasaha ta kashe cinikin faifan CD, masana'antar ta koma ga talabijin da YouTube. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka tabbatar da salon fim mai dogon zango daga 2020. Wannan salo yana buƙatar sabon kashi kowane mako, kuma abin da ya fi sauƙin samarwa a mako shi ne mutane zaune a falo suna magana a kan aure da gado da sarauta. Fim ɗin ban tsoro yana son a zauna a tsara sauti da haske, na kimiyya kuma yana cin watanni a gaban kwamfuta. YouTube na biya ne gwargwadon kallon da ya gani da tallan da ya ɗora. Idan mai shago a Goronyo ya sauke kashi ɗaya ya tura wa mutum ɗari, YouTube mutum ɗaya ya gani. Manhajojin biya irin su Northflix, da aka buɗe a 2019, suna buƙatar katin banki da data mai yawa da sabis mai ƙarfi, abubuwan da suka fi samuwa a Kano da Abuja da wajen 'yan ci-rani. Saboda haka ɗanɗanon waɗannan ne ke juya akalar abin da ake ɗauka.

A fagen waƙa ma labarin bai canza ba. Boomplay ta fara a Najeriya a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da Itel, Spotify kuma ta iso a 2021. Waƙa irin Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020 yadda intanet ke iya ɗaga mawaƙin Hausa cikin makonni. Amma jerin waƙoƙin da manhaja ke cewa su ne kan gaba ba ya nuna abin da direban Sakkwato zuwa Goronyo ke kunnawa daga memori, inda Ɗan Anace da Narambaɗa da Ɗanƙwairo ke nan da ransu. Da yawa daga waƙoƙin waɗannan makaɗa wasu ne suka ɗora su a intanet daga tsofaffin kaset, babu shekarar ɗauka, babu sunayen 'yan amshi. Christopher Kirkley ya lura da ƙarfin wannan hanya tun da daɗewa, lokacin da ya tattara waƙoƙi daga katunan wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar da su a faifai a 2011, ya kuma bi sawun mawaƙan don ya biya su.

Akwai ƙorafi guda da ya cancanci a tsaya a kansa da girmamawa. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Mai hankali zai iya cewa mutanen da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba su da buƙatar a sayar musu da tsoro. Gaskiya ne cewa fim ɗin da zai mayar da jinin waɗannan bayin Allah abin nishaɗi cin fuska ne. Amma tarihi ya nuna al'ummar da ta sha wuya takan nemi labarin da zai ɗaukar mata abin da baki ya kasa faɗa. Japan ta fitar da Godzilla a 1954, shekara tara bayan Hiroshima da Nagasaki, kuma dodon da gwajin nukiliya ya tayar daga teku kowa ya san abin da yake nufi. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi fim ɗin Toula a farkon shekarun 1970, ana tsakiyar fari, a kan aljanin ruwa da ya nemi a ba shi budurwa kafin ruwa ya samu. Dodon tatsuniya da ke tare hanyar rijiya yana karɓar fansa ba ya buƙatar dogon bayani ga manomin da aka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa.

Ga marubucin ƙagen kimiyya kuma, madatsar ruwa ta Goronyo kaɗai ta isa jigo. An kammala ta a 1984 a kan Gulbin Rima. A 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a yankin, a 2018 kuma ruwanta ya ja baya har hukumomi suka ce bai wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da take ɗauka ba, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ƙishirwa. Nnedi Okorafor, daga Amurka, ta riga ta kafa littafinta The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. Ɗan Wurno da ya ga ambaliyar da idonsa, ya kuma ga ƙasan madatsar a bushe, ya fi ta kusa da labarin.

Gyaran da ke hannu shi ne a shigar da mai shagon turi cikin ciniki a matsayin dillali mai lasisi. Furodusa ya sayar wa ƙungiyar masu shaguna ta kowace ƙaramar hukuma haƙƙin tura fim a kan farashi sananne, su kuma su riƙa rubuta abin da aka fi nema. Sashen Nazarin Harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya daɗe yana bincike a kan al'adu da magungunan Hausawa, yana da ɗaliban da za su iya zama a shagunan Rabah da Wurno da Goronyo na zango guda, su ƙirga fim nawa aka tura, wane iri ne, kuma su wa suka karɓa.