Tarihin Ma'aunin Nisa: Daga Ƙiyasin Ido zuwa Hasken Leza

Gabatarwa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana ta zauna daidai a wajen awon hatsi, to amma ga mai harbin nesa kimar ido ita ce sau da yawa mafarin kuskure. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi ta neman abin da zai maye gurbin ido wajen sanin tazarar da ke tsakanin maharbi da abin da ya auna, har aka kai ga na'urar nan mai aiki da hasken leza, wadda za mu kira ma'aunin nisa. Za a kuma nuna cewa sanin wannan tarihi shi ne zai yi wa mai neman sayen na'urar jagora.

Asalin matsalar

Tun a shekarar 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana cewa duk abin da aka harba ba ya tafiya a miƙe, sai dai ya yi baka, domin da fitarsa ƙasa take fara jawo shi. Harsashin da ya yi rabin sakan a iska yakan sauka fiye da mita ɗaya, wanda ya yi sakan guda kuwa yakan sauka kusan mita 5. Watau ke nan faɗuwar tana ninkuwa ne fiye da yadda tafiyar ke ƙaruwa. Saboda haka kuskuren mita 50 wajen ƙiyasi ba ya cutarwa a kusa, amma a nesa shi ne bambancin da ke tsakanin samu da rashi.

Mutanen da ba su warware matsalar da awo ba, sun warware ta ne da kusantar abin harbi. Maharbin ƙasar Hausa mai baka da kibiya, ko mai adaka, sanɗa ita ce jarinsa; har yakan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya irin ta tsuntsun, don namun daji su saki jiki da shi. Haka nan sojan Turai na ƙarni na 18, bindigarsa ba ta da tabbas in an wuce yadi 100, don haka ba ya bukatar wani ma'auni sai idonsa.

Zamanin ƙiyasi da gilashi

Al'amarin ya sake ne a tsakiyar ƙarni na 19. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashin da ke kama tsagin da aka yi a cikin bututun bindiga, ya fita yana juyawa kamar katantanwa. Bindigar Enfield ta Ingila ta 1853 an yi mata ma'aunin saiti har zuwa yadi 900. Bindiga dai ta riga ta fi ƙarfin ido. A shekarar ce kuma aka buɗe makarantar koyon harbi a garin Hythe, inda ƙiyasin nisa ya zama darasi mai zaman kansa. Da Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, sai tazarar harbi ta ƙara tsawo.

A 1888 Ma'aikatar Yaƙi ta Ingila ta yi shelar neman ma'aunin nisa. Wasu malamai biyu na Kwalejin Yorkshire da ke Leeds, Archibald Barr da William Stroud, suka amsa, daga baya kuma kamfaninsu ya kafu a Glasgow. Dabararsu ta lissafin alwatika ce: bututu ne da ake riƙewa a gicciye, da taga a kowane ƙarshe, mai dubawa ya ga abin da ya hanga ya rabu biyu, ya yi ta murza wani maɓalli har rabi da rabi su haɗu, sa'an nan ya karanta nisan. Sojan ruwa ne suka fi amfana da ita, jiragen Japan ma da irinta suka fuskanci na Rasha a yaƙin Tsushima na 1905. A Jamus kamfanin Carl Zeiss ya bi wata hanya mai kama da wannan, wadda ke amfani da idanu biyu a lokaci guda.

Sai dai wannan dabara tana da iyaka: gwargwadon tsawon bututu, gwargwadon ingancin awo. Shi ya sa na babban jirgin yaƙin Japan, Yamato, ya kai kimanin mita 15. Abin da jirgin ruwa zai ɗauka kuwa maharbi ba zai rataya a wuya ba.

Zuwan leza

A ran 16 ga Mayu, 1960, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya yi amfani da jan yaƙutu na haɗi. Daga nan awon nisa ya bar kusurwa ya koma ga lokaci. Na'urar takan aika ƙyaftawar haske, ya bugi abin da aka auna ya dawo, ita kuma ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka. Tun da haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan guda, zuwa da dawowa a tazarar mita 1,000 ba ya kai kashi 7 cikin miliyan na sakan ba. Da wannan hanya aka auna nisan wata, bayan 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye madubi a kansa a 1969. A shekarun 1970 na'urar ta shiga tankokin yaƙi. A 1992 kuwa kamfanin Leica ya fito wa farar hula da madubin hangen nesa mai suna Geovid, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 Bushnell ya kawo masu sauƙin kuɗi.

Abin da tarihin ke koya wa mai zaɓe

Leza ta kawar da doguwar bututu, amma ta zo da nata sharuɗɗan. Na farko, awo ya dogara ga hasken da ya dawo. Adadin da ake rubutawa a jikin kwali yawanci na abu ne mai sheƙi. Itace ba ya mayar da haske haka, gashin barewa ko na gwanki kuwa ya fi shanye shi. Ya kamata mai saye ya nemi adadin da aka ware wa dabba, ya kuma tuna hazo da ruwan sama da tsananin rana duk suna rage shi.

Na biyu, hasken yana faɗaɗa in ya yi nisa. Wanda faɗinsa ya kai mita 2 a tazarar mita 1,000, a mita 500 ya kai mita ɗaya, watau zai iya kama ciyawar da ke gaban dabba ko dutsen da ke bayanta. Don haka siririn haske ya fi, haka kuma na'urar da ke ba da damar zaɓen abu na farko ko na ƙarshe da hasken ya taɓa.

Na uku, akwai batun gangara. Leza tana auna layin da ido ya bi, alhali faɗuwar harsashi ta fi bin tazarar da ke shimfiɗe. Alal misali, mita 300 a gangara mai digiri 30 daidai take da kimanin mita 260 a shimfiɗe. Wanda bai cire wannan ba harsashinsa zai wuce ta sama. Mai farauta a duwatsu yana bukatar na'ura mai wannan lissafi. Daɗin daɗawa, ingancin gilashi da abin kafawa don hana rawar hannu sun fi yawan adadi amfani, domin abin da ba a gani sosai ba, ba a auna shi daidai.

Kammalawa

A taƙaice, shekaru 100 da 'yan kai aka yi daga Minié zuwa Maiman ana neman amsar tambaya guda, an kuwa same ta. To amma nisa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke karkatar da harsashi. Iskar da ke kaɗawa tsakanin maharbi da dabba, da motsin dabbar kafin harsashi ya isa, ma'aunin nisa ba ya faɗin su. Haɗarin da ke akwai shi ne adadin da ya bayyana a gilashi ya ruɗi mutum ya yi harbin da ya fi ƙarfinsa, ya bar dabba da rauni ta shiga daji ta mutu a banza, ba a yanka ba, ba a ci ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya sayi na'urar sai ya fara gwada kansa a fagen koyo, ya san iyakar tazarar da yake samu ba kuskure, in dabba ta wuce nan ya koma ga sanɗa.