Gyaran allon fedar jita

Fedar jita ƙaramin akwati ne na lantarki da ake sakawa tsakanin jita da amsa-kuwwa domin sauya sautinta, kuma makaɗi yana kunna ta ne da ƙafa. A cikinta akwai allon lantarki, wanda masu gyara a Najeriya suke kira fanel. A kansa ake liƙa ƙananan kayayyaki irin su rizisto, kondansa da dayod, siraran layukan jan ƙarfe kuma suna haɗa su. Wannan allo ne ya fi lalacewa idan aka buɗe fedar domin yi mata gyaran fuska.

Tarihi

Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da Maestro Fuzz-Tone a 1962, ta kuma yi farin jini bayan ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da ita a 1965. Daga Japan aka samu Boss DS-1 a 1978, sai Ibanez Tube Screamer TS808 a 1979. Waɗannan biyun suna cikin waɗanda aka fi sauya wa kayan ciki, misali a cire dayod na asali a saka wani iri domin sauti ya ƙara kauri. A yankin Sahel, makaɗan Buzaye na Nijar kamar Bombino da Mdou Moctar sun yi suna da jitar lantarki.

Yadda allon yake lalacewa

Jan ƙarfen da ke kan allon bai wuce kashi 35 cikin 1000 na milimita ba a kauri, kuma gam ne ya riƙe shi. Kowace ƙafar kaya tana shiga rami mai ɗan zoben jan ƙarfe. Idan aka daɗe da ɗora ƙarfen narka dalma a kan zoben, ko aka fizge ƙafar kafin dalmar ta narke sosai, gam ɗin yakan saki, zoben ya ɗago, wani lokaci ya tafi da layin da ke jikinsa. Daga nan fedar takan yi shiru, ko ta riƙa yankewa. Gaggawa ce ta fi jawo wannan, ba ƙarancin kayan aiki ba. Wata ɓarnar kuma daga wuta take: yawancin fedoji volt 9 suke sha, kuma adaftar da ta juya ƙafafun wuta tana iya ƙona dayod ɗin kariya.

Gyara

Da farko akan bi layin da mita a gano inda ya yanke. Zoben da ya ɓalle ba ya komawa yadda yake, don haka ba a ɓata lokaci wajen mayar da shi. Sai a kankare rufin da ke kan layin a hankali har jan ƙarfe ya bayyana, a shafa masa dalma, a lanƙwasa ƙafar kayan a kwantar da ita a kai a liƙe. Idan layin ya tafi da nisa, akan ɗauko siririyar waya mai riga a haɗa ƙafar kai tsaye da mahaɗa ta gaba. Aikin ba ya da kyan gani, amma sauti ba ya canzawa. Daga ƙarshe a sake aunawa domin tabbatar da cewa dalma ba ta haɗe layuka biyu ba. Kayan aikin su ne dai waɗanda masu gyaran rediyo da waya suke amfani da su a Gusau da Kano.

Lafiya

Dalmar liƙi ta gargajiya haɗin kuza ce da dalma, kashi 63 da 37, tana narkewa a digiri 183. Dalma guba ce, musamman ga yara. A 2010 gubarta, wadda ta fito daga sarrafa duwatsun zinariya, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, galibi a Anka da Bukkuyum. Abin da mai gyara yake taɓawa kaɗan ne, duk da haka ana so ya yi aiki inda iska ke shiga, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya kuma share ɓurɓushin daga inda yara ke wasa.