Daga Cat Stevens zuwa Yusuf Islam: ta ina mai sauraro zai fara?

Musulmi da dama a Afirka ta Yamma sun san Yusuf Islam ne a matsayin Baturen Ingila mai gemu da ya musulunta, ya gina makarantu, ya kuma rera wa yara waƙoƙin koyon addini. A Turai da Amurka kuwa, miliyoyin mutane sun san shi ne da sunan Cat Stevens, ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan shekarun 1970, wanda har yau gidajen rediyon da ke sa tsofaffin waƙoƙin rock ba su daina sa muryarsa ba.

Mutum guda ne, amma kowane ɓangare rabinsa ya sani. Shi ya sa duk lokacin da wani ya tambayi masu sha'awar waƙoƙinsa ta inda ya kamata ya fara sauraro, amsar kan danganta da wanda aka tambaya.

Asalinsa

An haife shi a birnin Landan ranar 21 ga watan Yulin 1948, aka raɗa masa suna Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Girka ne daga tsibirin Cyprus, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙasar Sweden ce. Iyalin na da gidan sayar da abinci a titin Shaftesbury Avenue, a tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo, kuma a saman gidan abincin ya tashi. Laƙabin Cat, wato kyanwa, ya samo asali ne daga wata budurwarsa da ta ce idanunsa irin na kyanwa ne.

Yana ɗan shekara 18 ya yi suna. Waƙarsa ta farko, I Love My Dog, ta fito a 1966, sannan Matthew and Son ta kai matsayi na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a farkon 1967. A wannan shekarar ya yi rangadin wasanni tare da Jimi Hendrix.

Ba kasafai ake ba sabon mai sauraro shawarar ya fara da kundayen wannan zamani guda biyu ba, wato Matthew and Son da New Masters, domin kakaki da goge da aka cika su da su sun danne muryarsa, abin da shi kansa bai ji daɗinsa ba. Sai dai akwai waƙa guda da ta tsira: The First Cut Is the Deepest. Ya sayar da ita ga mawaƙiya P. P. Arnold kan fam 30 kacal, daga baya Rod Stewart ya kai ta matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1977, Sheryl Crow kuma ta sake rera ta a 2003.

A ƙarshen shekarun 1960 tarin fuka ya kwantar da shi, har ya kusa rasa ransa. Ya shafe watanni a asibiti, ya kuma ƙara kusan shekara yana jinya a gida. A wannan zaman ne ya fara karatu a kan addinai, ya rubuta waƙoƙi da dama, kuma mutumin da ya tashi daga kwanciyar ya sha bamban da matashin da ya kwanta.

Kundin da aka fi amincewa da shi

Idan akwai abin da masu sha'awarsa suka fi yin ittifaƙi a kai, to shi ne a fara da Tea for the Tillerman, wanda kamfanin Island ya fitar a watan Nuwamban 1970. Waƙoƙi 11 ne, ba su kai minti arba'in ba gaba ɗaya, kuma kayan kiɗan ba su da yawa: jita irin wadda ba ta amfani da lantarki, da fiyano, da ɗan goge nan da can. Paul Samwell-Smith, tsohon ɗan ƙungiyar Yardbirds, shi ya tsara ɗaukar, Alun Davies kuma ya kaɗa jita ta biyu. Zanen da ke bangon faifan ma Cat Stevens ne ya yi shi da hannunsa, domin ya taɓa zaman makarantar koyon zane.

Waƙar da ta fi shahara a ciki ita ce Wild World, bankwana ce ga masoyiyar da ke shirin tafiya. Mawaƙin Jamaica Jimmy Cliff ya rera ta a 1970, Maxi Priest ma ya maimaita a 1988, shi ya sa wasu ke zaton asalinta waƙar reggae ce.

Amma wadda ta fi ratsa zukata ita ce Father and Son. Zance ne tsakanin uba da ɗansa: uban na roƙon yaron ya yi haƙuri, ya zauna, ya yi aure, ya daina gaggawa; ɗan kuma na ganin ba a taɓa sauraronsa ba, kuma dole ya tafi. Cat Stevens ne ya rera duka ɓangarorin biyu, ya ƙanƙantar da murya ƙasa idan uba ke magana, ya ɗaga ta sama idan ɗa ne. Tun asali ya rubuta ta ne domin wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha da ba a kai ga yi ba, inda yaron ke son barin gonar mahaifinsa ya shiga yaƙi. Abin lura a waƙar shi ne ba ta yanke hukunci ba. Matasa kan ji ta su goyi bayan ɗan, bayan shekara ashirin su sake jin ta su ga gaskiyar uban.

Kundin ya buɗe ne da Where Do the Children Play?, wadda ke tambayar inda yara za su yi wasa idan kwalta da manyan gine-gine suka cinye ƙasa. Akwai kuma Miles from Nowhere da On the Road to Find Out, waɗanda dukkansu a kan mutumin da ya bar gida yana neman gaskiya suke, yana tunanin mutuwa da abin da ke bayanta. Shekara bakwai kafin ya yi kalmar shahada ya rera su. Masu cewa musuluntarsa ta zo kwatsam, ga alama ba su saurari waɗannan waƙoƙi da kyau ba.

A 2003 mujallar Rolling Stone ta sanya kundin cikin jerin kundaye 500 da ta ce sun fi kowanne.

Na biyu da na uku

Daga nan sai Teaser and the Firecat na 1971, wanda wasu ke fifita shi a kan na farkon saboda ya fi sauƙin shiga kunne. A cikinsa ne ake samun Peace Train, da Moonshadow, da The Wind, da kuma Morning Has Broken. Ita wannan ta ƙarshen ba shi ya rubuta ta ba: waƙar coci ce da marubuciya Eleanor Farjeon ta tsara baitocinta a 1931, ya tsince ta a wani littafin waƙoƙin ibada, Rick Wakeman ya kaɗa masa fiyano. A waƙar Rubylove kuma ya koma ga tushensa, ya sa molon Girkawa da ake kira buzuki, ya rera wani ɓangare da harshen mahaifinsa.

A nan ne ra'ayoyi ke rabuwa. Wasu na cewa a koma baya a saurari Mona Bone Jakon, wanda ya fito a watan Afrilun 1970, kundi na farko bayan jinyarsa. Ya fi sauran sanyi da kaɗaici, kuma a ciki akwai Lady D'Arbanville da Trouble, da Katmandu wadda Peter Gabriel ya busa sarewa a cikinta. Wasu kuma na cewa a ci gaba zuwa Catch Bull at Four na 1972, wanda ya kai matsayi na ɗaya a Amurka. A nan muryarsa ta ƙara kaushi, kiɗan ya ƙara ƙarfi, kuma shi ne mafi kusa da abin da ake nufi da rock. Sunan kundin daga wasu zane-zane goma na mabiya addinin Buddha aka ɗauko shi, waɗanda ke kwatanta neman sanin kai da neman bijimin da ya ɓace. Waƙar Sitting ce aka fi nuna wa baƙo.

Akwai wata hanya ta daban da ta kawo mutane da yawa gare shi, wato fim ɗin Harold and Maude na Hal Ashby, wanda ya fito a 1971 ɗauke da waƙoƙinsa daga farko har ƙarshe. Mai gaggawa kuma na iya wadatuwa da Greatest Hits na 1975, ko da yake masu sha'awarsa na gargaɗin cewa tsintar waƙoƙi ɗai-ɗai na ɓatar da zaren da ya haɗa su.

Kundayen da suka biyo baya sai wanda ya riga ya saba. Foreigner na 1973, da aka ɗauka a birnin Kingston na Jamaica, na ɗauke da waƙa guda mai tsawon minti 18 da ta cinye fuska ɗaya ta faifan. Buddha and the Chocolate Box na 1974 ya dawo da tsohon salo, da waƙar Oh Very Young. Numbers na 1975 bai samu karɓuwa sosai ba. Izitso na 1977 kuwa na da waƙar da sunanta kaɗai ya isa bayani, inda yake cewa shi bai taɓa son zama tauraro ba.

Musulunta da barin jita

A tsakiyar shekarun 1970 igiyar ruwa ta ja shi yana iyo a gaɓar tekun Malibu a jihar California. Ya sha ba da labarin cewa ya roƙi Allah Ya cece shi, da alƙawarin zai yi Masa aiki, sai wata igiyar ta turo shi gaɓa. Ba da jimawa ba yayansa David, wanda ya ziyarci birnin Ƙudus, ya ba shi kyautar fassarar Alƙur'ani. Ranar 23 ga watan Disamban 1977 ya karɓi Musulunci a babban masallacin Landan, a 1978 kuma ya ɗauki sunan Yusuf Islam, saboda yadda ƙissar Annabi Yusuf (AS) ta taɓa zuciyarsa.

Back to Earth, wanda ya fito a watan Disamban 1978, shi ne kundi na ƙarshe da sunan Cat Stevens a wancan zamani. A cewarsa, limamin masallacinsa ya ce masa yana iya ci gaba da waƙa muddin kalmominta ba su saɓa wa ɗa'a ba, amma wasu sun ce masa kiɗa duka haramun ne. Ya zaɓi ya kauce wa shubuha. Ya yi gwanjon kayan kiɗansa, ya ba da kuɗin sadaka, ya kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta amince ta ɗauki nauyinsu.

Shekarun ba su wuce lami lafiya ba. A 1989 kalaman da ya yi kan Salman Rushdie, waɗanda aka ɗauka goyon baya ne ga fatawar Ayatullahi Khomeini, sun sa gidajen rediyo da dama a Amurka daina sa waƙoƙinsa, ƙungiyar 10,000 Maniacs kuma ta cire Peace Train da ta rera daga kundinta. Ya sha nanata cewa bai goyi bayan fatawar ba, amma batun bai daina bin sa ba. A watan Satumban 2004 hukumomin Amurka sun karkatar da jirgin da ya ɗauko shi daga Landan zuwa Washington, suka sauke shi a garin Bangor na jihar Maine, suka mayar da shi Birtaniya. Watanni biyu bayan haka aka ba shi lambar yabo ta zaman lafiya a birnin Rum, a taron waɗanda suka taɓa samun kyautar Nobel.

Ga wanda ba ya son kayan kiɗa

Mai sauraron da ke bin ra'ayin malaman da suka hana kayan kiɗa yana da tasa ƙofar. The Life of the Last Prophet na 1995 tarihin Manzon Allah (SAW) ne da Yusuf Islam ya karanta da Ingilishi, tare da Ɗala'al Badru, wadda ba baƙuwa ba ce a makarantun Islamiyya na ƙasar Hausa. A is for Allah na 2000 kuma yana koya wa yara haruffan Larabci, kuma waƙar da kundin ya ci sunanta ya rubuta wa 'yarsa ta fari ce. Murya da ganga kawai aka yi amfani da su a waɗannan ayyuka.

Komawa

A farkon shekarun 2000 ɗansa ya shigo da jita gida, shi kuma ya ɗauka. Ya ce ya sake nazarin hujjojin malamai, ya ga batun na da saɓani, har ya rubuta littafi a kai mai suna Why I Still Carry a Guitar a 2014. Wasu Musulmi sun soki matakin, wasu sun yi maraba da shi.

An Other Cup na 2006 shi ne kundinsa na farko irin na da bayan shekara 28, kuma shi ake ba wanda ke son jin yadda muryar ta koma. Roadsinger ya biyo baya a 2009. An shigar da shi zauren karrama mawaƙan rock na Amurka a 2014, ya kuma yi wasa a bikin Glastonbury a 2023, shekarar da ya fitar da King of a Land, da sunan Yusuf / Cat Stevens.

A 2020, da Tea for the Tillerman ya cika shekara 50, ya fitar da sabuwar ɗaukar kundin baki ɗaya. A sabuwar Father and Son, an ɗauko muryarsa ta 1970 daga wani wasa da ya yi a gidan rawa na Troubadour a Los Angeles ta zama muryar ɗan, shi kuma ya rera ɓangaren uban.