Kayan Yaji da Tarihin Masu Raɗa Musu Suna

Duk wanda ya shiga rumfar 'yan koli a kasuwar Batsari ko ta Safana zai tarar da kanumfari, kimba, masoro, citta da barkono jere cikin ƙwarya ko ƙulle a leda. Babu tambari, babu hoto, domin mai saye ya san abin da ya zo nema. Sai kaya sun yi nisa da gida ne ake buƙatar suna da hoto a jikin mazubi, kuma a nan ne tarihi ya nuna mana cewa mai sayarwa yakan siffanta mutanen da ya samo kayan a wurinsu yadda ya ga dama.

Mu fara da citta mai 'ya'ya. Tun ƙarni na 13 ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita daga Afirka ta Yamma har ta isa Turai. Fataken can ba su kira ta da sunan da manomanta suka sani ba, sai suka raɗa mata "ƙwayar aljanna" don ta yi tsada. Mai saye ya biya kuɗin aljanna, manomi kuwa ko ambatonsa ba a yi ba.

Abin da ya faru da mutanen Indiya ya fi wannan. A can kowane yanki, kai har kowane gida, yana da nasa haɗin da suke kira masala. Da Turawan Ingila suka shiga ƙasar, sai suka tattara ɗaruruwan miya iri-iri suka ba su suna ɗaya, wato kori. A 1747 Hannah Glasse ta sa yadda ake dafa shi a littafinta na girki, kuma kafin ƙarshen ƙarnin ana sayar da garinsa a Landan. Wannan garin ne ya biyo Turawa har ya faɗo tukunyar dafa-dukarmu. Kwalayensa kuwa suka daɗe suna ɗauke da hoton giwa, ko mai rawani, ko ginin Taj Mahal, kamar dai ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya ba ta da wata kama sai waɗannan. A 'yan shekarun nan 'ya'yan Indiya sun fara gyara. Kamfanin Diaspora Co., wanda Sana Javeri Kadri ta kafa a 2017, yakan bayyana yankin da aka noma kaya da gonar da suka fito.

Baƙar fata ma ba ta tsira ba. Daga 1915 kamfanin Banania na Faransa ya riƙa manna hoton sojan Senegal yana washe haƙora a kayansa. A Amurka sai a 2021 aka janye sunan Aunt Jemima, wanda ya samo asali daga siffar baiwa mai dafa wa iyayen gidanta abinci.

To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yau yajinmu ya shiga kwalba, ana sayar da shi a Legas da Landan, galibi da sunan suya kawai. Alhali Bahaushe ya san yajin tsire mai ƙuliƙuli daban, yajin jego mai kimba da kanumfari daban, na daddawa da ake barbaɗa wa tuwo shi ma daban. Idan aka bari suka narke cikin suna ɗaya, aka manna musu hoton wani mai hula da wuƙa ana ce masa "aboki", to an yi mana abin da aka yi wa masala.

Nan aikin marubuci ya shigo. Tsofaffin matan Babban Duhu da ƙauyukan kewaye sun san yadda ake dafa kalwa a rufe ta har ta zama daddawa, sun san awon kowane haɗi da lalurar da ake yin sa dominta. Rashin tsaron da ya raba iyalai da yawa da gidajensu a wannan yanki yana barazana ga wannan sani. Ya kamata 'yan ƙungiya su zauna da iyayen nan, su rubuta sunaye da awo da amfani, cikin labari ko maƙala. Ranar da ɗanmu zai tsara kwalbar yaji, ya sami abin dubawa da Hausa. Allah Ya ba mu ikon yi.