Harsasai 'Yan Gida Ɗaya: Tarihin Gardamar Maharban Amurka

Idan kana zaune a Amurka, musamman a jihohi irin su Pennsylvania ko Michigan ko Wisconsin, wataƙila ka lura da yadda wasu abokan aikinka kan ɗauki hutu a watan Nuwamba su shige daji. Lokacin farautar barewa ke nan. In kuwa ka taɓa zama kusa da su a wajen cin abinci, to da wuya ba ka ji suna musu a kan wasu lambobi ba: wannan ya ce .270, wancan ya ce .30-06, na uku ya ce ai .308 ya ishe shi. Sunayen harsasan bindiga ne. Shekara 100 ke nan ana wannan gardama, kuma yau za mu duba inda ta samo asali, da abin da ilimin kimiyya ya ce a kanta.

To madalla. Kafin mu yi nisa, bari mu rarrabe abin da muke kira harsashi. Abu huɗu ne a haɗe: akwai kwanso na tagulla, akwai albarushi a cikinsa, akwai 'yar ƙyastu a gindi wadda ke kama wuta idan an ja kunama, sannan akwai kan harsashin, wato dunƙulen darma mai rigar jan ƙarfe, shi ne kaɗai ke fita ya tafi wajen dabba. Lambar farko a sunan harsashi faɗin wannan kai take nunawa da awon inci.

Labarin ya faro ne daga fagen yaƙi. A shekarar 1884 wani masanin haɗa sinadarai a Faransa mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi. Duk wanda ya taɓa ganin an harba bindigar toka a wajen hawan salla ya san irin hayaƙin da tsohon albarushi ke turnuƙewa da shi. Sabon kuwa ba ya tona asirin mai harbi, kuma ya fi tura harsashi da sauri nesa ba kusa ba. Kamfanin Mauser na Jamus ya ɗora a kan wannan, ya ƙera harsashi mai faɗin milimita 7 da kwanso mai tsawon milimita 57, sojojin Spaniya suka karɓe shi a 1893.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu da wannan harsashi ran 1 ga watan Yulin 1898, a tudun San Juan da ke Kyuba. Sojojin Spaniya da ba su kai 1000 ba suka tare dubban sojojin Amurka, suka kashe ko suka raunata fiye da 1000 kafin a ƙwace tudun. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana cikin waɗanda aka yi wa ruwan wutar. Bayan yaƙin sai Amurka ta kwaikwayi Mauser ta ƙera bindigar Springfield a 1903, kwaikwayon da ya kai har sai da ta biya kamfanin dala dubu 200 kuɗin haƙƙin ƙira. Ba a jima ba Jamusawa suka koma amfani da kan harsashi mai tsini, wanda ya fi keta iska, Amurka ta sake bin sahu a 1906. Daga nan sunan ya fito: talatin shi ne faɗi, sifili shida kuma shekarar. Sojoji miliyoyi suka riƙe shi a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da suka koma gida kuma suka shiga daji da abin da hannunsu ya saba da shi.

A 1925 kamfanin Winchester ya ɗauki kusan wannan kwanso, ya matse wuyansa domin ya riƙe kai mai ɗan siriri da rashin nauyi, ya sa masa suna .270. Da farko kasuwarsa ba ta buɗe ba. Wanda ya ɗaga shi wani marubuci ne, Jack O'Connor, tsohon malamin jami'a a Arizona, wanda ya shafe shekaru kusan 30 yana rubutu a mujallar Outdoor Life. Shi mai farautar tumakin dawa ne a kan duwatsu, inda dabba kan tsaya can nesa a ƙetaren kwazazzabo, saboda haka harsashi mai sauri da ke tafiya a miƙe shi ne burinsa. A hannu guda kuma akwai Elmer Keith, makiyayin shanu kuma jagoran maharba, wanda ya yi imani cewa babbar dabba sai babban harsashi mai nauyi, ƙananan nan raunata dabba kawai suke yi ta je ta mutu a ɓoye. Dukansu biyu a jihar Idaho suka zauna a shekarunsu na ƙarshe, amma ba sa ga maciji da juna. O'Connor ya mutu a 1978, Keith a 1984, magoya bayansu kuma suka gaji rigimar.

Na ukun, wato .308, ya fito kasuwa a 1952, shekara biyu kafin ƙungiyar tsaro ta NATO ta ɗauki tagwayensa na soja. Kansa daidai yake da na .30-06, sai dai kwanson ya ragu daga milimita 63 zuwa 51, domin albarushi ya ƙara inganci, ɗan kaɗan na yin aikin mai yawa. Gajeren kwanso kuwa na nufin bindiga mai ɗan sauƙin ɗauka.

To mai sauraro, yanzu bari mu ɗora su a kan sikeli. Ƙarfin dukan harsashi ana samunsa ne idan an ninka saurinsa da kansa, a ninka da nauyinsa, a raba biyu. Kan .270 da aka fi sani yana da nauyin giram 8.4, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 930 a daƙiƙa guda, abin da ya ba da jul 3600 da 'yan kai. Na .30-06 mai giram 11.7 yana fita da gudun mita 820, wato jul 3900 da ɗoriya. Shi kuma .308 mai irin wannan nauyi, gudunsa kusan mita 800 ne, jul 3700 ke nan. Ka ga tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Faɗin fa? Milimita 7.0 da milimita 7.8, bambancin bai kai kaurin farcen babban yatsa biyu ba. Batun tafiya a miƙe kuma, wanda O'Connor ya gina hujjarsa a kai, gaskiya ne, amma a nisan yadi 300 abin da .30-06 ke ƙara sunkuyawa a kan .270 bai wuce santimita 5 ko 6 ba, alhali ƙirjin barewa, inda huhu da zuciya suke, ya kai faɗin faifai. A ganina, barewar da aka samu a wannan wuri ba za ta iya shaida wanne ne ya same ta ba.

Inda bambancin ya fi taɓa mutum shi ne a kafaɗa. Dokar Newton ta uku ta ce duk turin da aka yi gaba akwai kwatankwacinsa da ke komowa baya, don haka kai mai nauyi ya fi sa bindiga ta nushi mai ita. Wanda ya fara jin tsoron naushin nan yakan runtse ido ko ya zabura kafin harsashi ya fita, daga nan sai a sami dabba a ciki ko a cinya, ta gudu da rauni ta kwana biyu tana wahala. Wannan shi ne ainihin abin da ke cikin gardamar, kuma a nan O'Connor ya fi gaskiya.

Amma Keith ma ba shirme yake yi ba. A zamaninsa kawunan harsasai masu sauri kan tarwatse da zarar sun haɗu da ƙashi. A 1946 wani mutumin Oregon mai suna John Nosler ya je farauta a British Columbia ta ƙasar Kanada, ya harbi wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ake kira mus, wadda busasshen taɓo ya lulluɓe kafaɗarta. Bindigarsa mai ƙarfi ce ƙwarai, amma harsasan suka riƙa fashewa a waje ba su shiga ba. Da ya koma gida sai ya ƙera kai mai ɗaki biyu, da bangon jan ƙarfe a tsakani: na gaba ya buɗe kamar lema, na baya ya tsaya da nauyinsa ya ci gaba da kutsawa. Ya fara sayar da shi a 1948. Ashe matsalar da Keith ke gani rabinta daga ƙirar kan take, ba daga lambar da aka buga a gindin kwanso ba.

A nahiyar Afirka an yi irin wannan musu, sai dai a can kuskure kan ci ran maharbin ne. Wani ɗan Scotland, Walter Bell, wanda aka fi sani da Karamojo Bell saboda yankin Karamoja na Yuganda, ya kashe giwa 1011 a farkon ƙarni na 20, kusan 800 daga ciki da ɗan harsashin Mauser ɗin nan mai milimita 7. Sirrinsa shi ne ya tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, sannan ya yi amfani da kai mai tauri wanda ba ya buɗewa. Neman haure ya kai shi, kuma irin wannan ɓarna ce ta rage giwaye har aka kai ga haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Hukumomi ba su ɗauki dabarar Bell abin koyi ba. A Tanzaniya doka ba ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da abin da ya gaza .375 ba, harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, mai nauyin giram 19 da ƙarfin da ya haura jul 5500. Kenya kuwa ta rufe farautar manyan dabbobi baki ɗaya tun 1977. Masu sauraronmu na arewacin Kamaru sun san baƙin maharba da kan sauka a Garwa lokacin rani su nufi yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida. Wanda ya zo neman ɓauna a cikinsu,.375 ɗin nan ko wanda ya fi shi ake sa ran gani a hannunsa.

Gardamar dai ta sake salo. A 2007 kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor, mai siririn kai dogo da sauƙin naushi, matasan maharban Amurka suka yi masa caa. Mutanen Suwidin da Norway sai murmushi, domin suna da mai irin wannan faɗi tun 1894, kuma da shi suka daɗe suna harbin mus. Sannan darmar kanta ta shiga matsala: ɓurɓushinta na zama a cikin kayan cikin da maharba ke bari a daji, tsuntsaye masu cin mushe su ci su kamu da guba, musamman wata babbar ungulu ta Kaliforniya da ta kusa ƙarewa. Daga ran 1 ga watan Yulin 2019 jihar ta hana farauta da harsashin darma kwata-kwata, maharbanta suka koma kan jan ƙarfe zalla, ko .270 suke riƙe da shi ko .30-06.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.